Shekarar da Allura Ta Ɓuya

Da hantsin wata rana cikin watan azumin shekarar 1968, Inna na zaune a ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafafu bisa tabarma, tana ɗinkin wata hula da za a karɓa kafin salla, ni kuma ina gefenta ina tsince wake a faifai. Gidan ya yi tsit, yayyena maza sun bi sahun masu yankan dawa, sai kurciya da ke kuka a kan dogon yaron bayan ɗaki. Sai na ji wani ɗan ƙara, ƙas, wanda bai fi na karyewar tsinken tsintsiya ba. Inna ta tsaya cak. Ta ɗaga hannu ta duba, ga rabin allura tsakanin yatsunta zare na reto a jikinsa, ɗaya rabin kuma ya maƙale cikin hular. Ta daɗe tana kallonsa kamar mai jiran ya haɗe da kansa, sannan ta yi salati a hankali ta ce, “Kulu, tashi ki tafi kasuwa wurin babanki, ki ce mishi allurata ta karye.” Ni ban ga abin tashin hankali ba. Shekarata tara ko goma a lokacin, kuma mahaifina ɗan koli ne. A sanina, rasa allura a gidanmu daidai yake da rasa ruwa a bakin rijiya.

Na tafi ina tsalle-tsalle, na tarar da Baba zaune ƙarƙashin rumfarsa ta zana. Da na faɗi saƙon bai miƙa hannu cikin kayan da ke gabansa ba kamar yadda ya saba. Ya waiga hagu da dama, ya cire hularsa, ya zaro wata 'yar takarda a ninke daga cikinta. Alluran da ke ciki ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ya zaɓi guda, ya soke ta a bakin ɗankwalina da kansa, ya lanƙwasa wurin ya ƙulle, sannan ya dafa kafaɗata. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. “Uwata, kak ki yi gudu, kak ki tsaya wasa. In wagga ta ɓace ban san inda za ni samo wata ba.” Na dawo gida ina taku ɗai-ɗai, wuyana a sandare kamar mai ɗauke da tulu cike. Ranar ce na fara gane cewa yaƙin da ake ta labarinsa ya iso gidanmu.

Kafin wannan lokaci, a duk kasuwar Tambuwal ba wurin da ya kai shimfiɗar Baba kyau a idona. Malam Haliru mai koli ake ce masa. Yakan jera kwarkwaron zare launi-launi, ja kusa da shuɗi, ruwan ƙwai kusa da kore, ya zuba maɓallai a gwangwani su riƙa ƙyalli in rana ta taɓa su, ga ƙananan madubai da tandun kwalli, ga almakashi rataye a jikin dirka. Ranakun kasuwannin ƙauye sai ya ɗaure kayan a bayan kekensa ya nufi Dogon Daji ko Jabo, ya dawo da yamma da ƙuli-ƙuli ko ɗan rake a aljihu. Inna kuwa ba ta fita, amma hannunta ya zaga gari. Hulunan da take ɗinkawa su ke sayen sabulu da man gyaɗa, da su take tara mini kwanoni ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin gado. Ni ce ƙafarta. Ni ke kai hula gidan mai ita, ni ke karɓo ƙyalle, kuma in ta gaji da ido ni ke zura mata zare a kafar allura.

Mu yara ba mu taɓa jin ƙarar bindiga ba. Yaƙin basasa a wurinmu wata murya ce da ke fitowa daga rediyon mai shayi, maza sun kewaye ta sun yi shiru, da kuma manyan motoci da ke wucewa kudu cike da samari suna waƙa, wasu iyayensu na tsaye bakin hanya ba su ɗaga hannu ba. Tun kafin nan shagunan mutanen kudu da ke kawo kayan kanti sun rufe, masu su sun tafi. Daga baya aka ce hanya ta toshe, aka ce motoci duk suna aikin soja, aka ce an taƙaita shigo da kaya daga waje. Hatsi muna da shi a rumbu, kuka da kuɓewa suna nan, don haka ba ta ciki abin ya fara kama mu ba. Ta ƙananan abubuwa ya shigo, waɗanda ba wanda ya taɓa zaton za a yi kewarsu. Farin zare ne ya fara ɓacewa, sai baƙi ya bi shi, sai allurar keken ɗinki. Telan unguwarmu ya lulluɓe kekensa da tsohon zane ya koma gona. Allurar da a da kwabo ke saye har a yi wa mutum gyara, ta koma sai an ciro sule ana roƙo.

Allurar nan da Baba ya soke mini a ɗankwali ta zama ta unguwa. Da an idar da sallar asuba sai a fara sallama, wata yarinya ta leƙo ta ce an ce a gaishe da Inna, a ara musu allura in ba ta aiki. Inna kan soke ta a guntun kara ta ba ni in raka yarinyar, in tsaya har a gama in dawo da ita. Ta haka na shiga ɗakunan da ban taɓa shiga ba, na ga abin da mata ke yi a ɓoye. Sukan ɗauko tsofaffin rigunan mazansu su warware ɗinkin a hankali, su naɗe zaren a tsinke don a sake amfani da shi. Wata na gani tana cire maɓallan rigar mijinta da ya rasu tana sa wa ta ɗanta, tana yi tana share ido da bayan hannu. In allurar ta dushe sai a wasa ta a bakin tulu, in ta fara tsatsa a goge ta da toka. Duk gidan da na kai ta ba na fitowa hannu sake, ko ɗan dunƙulen fura ko gyaɗa soyayya. Inna takan ce, “Kowa ya ɗinke nashi, dai a maido min ita kamin la'asar.”

A makarantar boko ma abin ya same mu. Mu 'yan mata ba mu da yawa, kuma akwai ranar da Malama ke koya mana ɗinki a inuwar bayan aji. Da kaya suka ƙare sai ta riƙa zana mana ɗinkin da alli a jikin allo, mu kuma mu ɗaga hannu muna soka iska muna ja, tana bi tana gyara mana riƙon allurar da babu ita. Mukan ƙyalƙyale da dariya, ita ma wani lokaci sai ta juya baya kafaɗunta na rawa. Maza kuwa maɓallan wandunansu sun zube, kowa ya ɗaure ƙugu da igiyar rama, in ana langa sai ka ga yaro ya saki ƙafa ya cafe wando. In an tashi mukan bi ta gindin aduwa mu karyo ƙaya, mu huda tsummoki da ita mu cusa zaren kaba, mu yi wa 'yan tsanarmu na kara riguna. Tamu wahalar ke nan, kuma wasa muka ɗauke ta.

Ba wai kayan sun ƙare a garin ba ne ƙaf. Akwai wani attajiri da ake kira Alhaji Barmo, wanda tun lokacin da masu shaguna ke haɗa kaya cikin gaggawa ya saye abin da suka bari da araha, ya zuba a wani ɗaki a bayan gidansa ya sa kwaɗo. Bai yi hanzarin sayarwa ba. Yakan fito da kaɗan, ya jira a sake matsuwa, ya ƙara kuɗi, sannan ya fito da wani kaɗan ɗin. Duk 'yan kolin yankin a wurinsa suke sari, domin babu wani wuri. Baba kan dawo daga gidan fuskarsa a ɗaure, ya zauna ya daɗe bai nemi ruwa ba.

Bayan ƙaramar salla sai mai shela ya zaga kasuwa yana cewa hukuma ta ƙayyade kuɗin kayan masarufi, har da zare da allura, duk wanda aka kama ya haura zai gamu da hukunci. Mata suka yi ta guɗa a cikin gidaje. Amma kafin kasuwa ta zagayo, ɗan abin da ya rage a shimfiɗu ma ya ɓace. Kuɗin da aka yanka bai kai abin da 'yan koli ke biya a gidan Alhaji ba, shi kuwa bai rage ko anini ba. Ciniki ya koma na raɗa. Mai saye ya tsuguna kamar yana gaisuwa, mai sayarwa ya zura hannu cikin hannun riga, a rabu ba wanda ya ga komai. Inna ta roƙi Baba ya yi yadda kowa ke yi, ko kuma ya naɗe tabarmarsa har abin ya wuce. Ina wanke kwanoni na ji amsar da ya ba ta. Ya ce, “Ni ba ɓarawo ba ne da za ni saida kayana cikin hannun riga. Abin da na sawo shi nika faɗi, in ɗora ɗan abin cefane bisa. Wanda ya ga shina iyawa ya saya.”

Gab da babbar salla, ranar kasuwa, na kai masa fura da azahar. Ina tsugune ina dama masa sai wani mutum cikin fararen kaya ya tsaya ya ɗauki kwarkwaro ɗaya ya tambayi kuɗinsa. Baba ya faɗa da muryarsa ta kullum. Mutumin ya miƙe ya yi alama da hannu, sai ga wasu ma'aikatan hukuma biyu sun fito daga bayan rumfa, ɗaya da kulki. Baba ya fara yi musu bayanin yadda ya saro, amma ba wanda ya tambaye shi a ina, domin kowa ya sani. Suka ce ya naɗe kayan ya ɗora a kai. Da ya sunkuya zai ɗauki takalmansa sai mai kulkin ya zaci jinkiri yake yi, ya finciko shi ta wuyan riga. Na ji ƙarar yagewar. Farar rigarsa ce, wadda yake zuwa kasuwa da masallacin Juma'a da ita, ta tsage tun daga wuya har aljihu. Kasuwa ta yi cirko-cirko. Baba ya tattare bakin yagewar da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da kayan a kansa, ya juyo ya same ni da ido. “Uwata, rufe furar ga ki kai gida. Ki ce ma Innarki ina nan tafe.” Ya faɗa kamar wanda zai je ɗaurin aure. Na bi su da kallo ana ratsa layin masu gishiri da shi, mutanen da suka san shi tun yana saurayi suna sunkuyar da kai.

Liman da mai unguwa suka je suka yi magana, aka sake shi kafin magariba. An ci shi tara, kayan kuma ba su dawo ba, sai da aka sayar da kekensa aka biya kafin a rufe zancen. Ƙofar ɗakin ajiyar Alhaji Barmo kuwa ba wanda ya ƙwanƙwasa. Abin da ya fi damun mu shi ne Baba da ya shigo gida bai sake fita ba. Ya shimfiɗa buzu a bayan rumbu, nan yake yini da carbi a hannu. In abokansa sun yi sallama sai ya ce a ce ba ya jin daɗi. Mutumin da ba a taɓa tayar da salla babu shi a sahun gaba ba, ya koma yin ta shi kaɗai a tsakar gida. Salla ta zo ta wuce, ko tsire bai ci na kirki ba. Inna ta gwada ɗinke rigar da zaren da ta warware daga wani tsohon zane, amma zaren ya riga ya mutu, tana ja yana tsinkewa. Baba ya ce ta bar ta. Aka ninke ta aka rataya a igiyar ɗaki, kowa na wucewa yana kau da kai. Ko a ƙuruciyata na san ba rigar ce ta hana shi fita ba, amma na sa a raina cewa in ta gyaru shi ma zai gyaru.

Kawu Garba, ƙanen Inna, ya zo daga Kebbe da buhun dawa da ya ji labari. Suka daɗe suna magana a ɗaki, da ya fito sai Inna ta ce in haɗa tsummokarana, zan bi shi wurin mahaifiyarsu tunda an yi hutun makaranta. Ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce, “Ki ce ma tsohuwa ta sauko da mazarinta na kaɗi. Ki buɗe ido ki koya.” Muka hau motar kasuwa mai tsayawa a kowane ƙauye, ina zaune kan buhu tsakanin akuya da kwandon kaji. Ban taɓa yin nisa da gida haka ba. Da muka doshi Kebbe sai na ga itatuwa sun ƙaru, ƙasa ta yi duhu, ga kaɗanya da ɗorawa ko'ina.

Kaka Ige 'yar ƙaramar tsohuwa ce, haƙoranta sun ƙare saura na gefe, amma dariyarta takan tayar da kaji. Ɗakinta na warin hayaƙi da daddawa. Da na isar da saƙo sai ta tafa hannu ta ce, “To, ƙawata, ashe yaƙi ya tuna da tsofaffi!” Ta sa Kawu ya miƙa hannu cikin jinka ya zaro mazarai da suka yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Ta ce tun da zaren kanti ya shigo matan gidan ke yi mata dariya in ta zauna kaɗi, har ta gaji ta soke su a can. Akwai ragowar audugar bara da ba a kai kasuwa ba, cike da wata babbar tukunya. Washegari muka baje a gindin tsamiya. Ta nuna mini yadda ake gurza auduga bisa faffaɗan dutse da sandar ƙarfe har gurya ta fita, da yadda ake shiɓa ta da ɗan baka ta tashi fu kamar kumfa. Audugar ta cika mini gashi da hanci, na yi ta atishawa, ita kuwa tana ta kwasar dariya.

Kaɗin ne ya ba ni kashi. Kaka kan shafa alli a yatsu, ta murza mazari ya riƙa juyi cikin 'yar ƙwarya yana wani ƙugi mai daɗi, hannunta na hagu na tashi sama a hankali, zare na fitowa daga audugar siriri kamar ana zuba shi. In na karɓa sai mazarin ya faɗi, ko zaren ya yi kauri a nan ya tsinke a can. Rana ɗaya na jefar da shi na fashe da kuka, na ce ni gida za ni. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta jawo ni ta zaunar tsakanin ƙafafunta, ta ɗora hannuwanta masu kaushi bisa nawa, muka ja tare. “Sannu-sannu, ƙawata. Auduga ba ta son fushi. In kin ji za ta tsinke, sassauta mata.” Ina jin numfashinta a ƙeyata da warin goro. A nan ne na gaya mata yadda aka yi wa Baba a kasuwa, abin da ban iya faɗa wa kowa ba. Ta saurara har ƙarshe hannunta bai tsaya ba, sannan ta ce Allah na nan, mu ci gaba.

Kafin a jima tsofaffin unguwar suka ji ƙugin mazari, kowace ta lalubo nata. Gindin tsamiyar ya cika, ana kaɗi ana tsegumi ana tuna mutanen da suka daɗe a ƙasa. Zaren ɗinki ba kamar na saƙa ba ne, sai an kaɗa shi siriri, a haɗa biyu a murɗe, a bi shi da kakin zuma don ya yi santsi. Kawu kuma ya tattaro karyayyun wayoyin ƙafar keke ya kai wa maƙeri. Na tsaya a bakin maƙera ina kallo yana yanka su gajeru, ya daddale gindin ya huda, ya goge tsinin a dutse. Alluran sun fito da kauri, ba za su yi aikin hula ba, amma za su kama faci. Da rana in zafi ya yi yawa mukan tafi tafki da 'yan matan gidan mu yi wanka mu tsinko ɗanyen mangwaro, mu dawo idanu jawur. Har yanzu ban san wani lokaci da na yi farin ciki da baƙin ciki a haɗe kamar wannan ba.

Na koma Tambuwal hadarin farko na haɗuwa, da kwando cike da ƙullin zare da alluran maƙeri a soke cikin kara. Baba ya rame, gemunsa ya yi furfurar da ban bari ba. Bayan azahar Inna ta sauko da rigar. Ta zazzage kwandon tana duba zaren Kaka mai kyau kamar na kanti, sai ta ga wani ɗan ƙulli a gefe, mai gargada, wani wuri kauri wani wuri siriri. Ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ta ce, “Naki za mu sa.” Ta zauna ta bi yagewar daki-daki tun daga aljihu har wuya. Zaren bai kai rigar fari ba, kuma allurar maƙeri ta bar manyan huji, don haka ɗinkin ya fito raɗau kamar tabon ƙuna. Da ta gama ta ba ni ta ce in kai masa.

Ya karɓa ya shimfiɗa ta a cinyarsa. Ya bi ɗinkin da babban yatsa tun daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan kowane ƙulli. Ɗan koli ne, ya san zare. Ya ɗaga murya ya tambayi Inna, “Wanga ba na kanti ba ne. Wa ya kaɗa shi?” Daga bakin murhu ta amsa, “Uwarka ta kaɗa ma.” Ya dube ni ya daɗe. Ana cikin haka ladan ya kira la'asar. Baba ya miƙe ya yi alwala, ya zura rigar ya gyara wuyanta, ya ɗauki hularsa ya nufi zaure. Muka kasa kunne. Muka ji takunsa a waje, muka ji wani ya ce, “A'a, Malam Haliru! Barka da fitowa!” sai muryoyi suka ƙaru. Inna ta ɗauki taɓarya ta hau daka abin da ta riga ta dake, hawaye na sauka cikin turmin.

Ita ce kuma ta ce masa, bayan kwana biyu, mai shela bai ambaci zaren mazari ba, bai ambaci allurar maƙeri ba. Kasuwa na zagayowa Baba ya ɗauki tabarma ya tafi da ƙafa, sanye da rigar nan, ya shimfiɗa a gurbinsa na da. An ɗan yi masa ba'a, wai ya koma zamanin kakanni, ya yi murmushi kawai. Amma kafin la'asar yaran mata sun kwashe kwandon. Daga nan Kawu ya riƙa kawo zare daga Kebbe, Baba na sayarwa a fili, yana aika wa tsofaffin haƙƙinsu, wani lokaci da gishiri da kananzir in ya samu. Wadda ba ta da kuɗi ta kawo tiyar gero a ba ta. Ba arziki aka yi ba, tela bai iya sa zaren a kekensa ba, hulunan Inna kuma suka ci gaba da jira a cikin adaka. Amma a daminar nan, in ka bi bayan manoman unguwarmu da safe, kusan kowace taguwa da facin zaren Kebbe a kafaɗarta.

Da yaƙi ya ƙare aka yi ta kiɗa, wasu samarin suka dawo, wasu aka yi musu sadaka. Sannu a hankali kayan kanti suka sake cika kasuwa. Alhaji Barmo bai ga wani sakayya da idonmu ya gani ba, babbar mota ma ya saya. Baba bai taɓa zaginsa a gabanmu ba, kuma da Alhajin ya rasu har makabarta ya raka shi, sai dai bai ƙara sayen ko maɓalli a hannunsa ba, ya gwammace ya bi mota har Sakkwato ya saro. Zaren mazari kuwa, ranar da farin kwarkwaro ya dawo ranar aka manta da shi. Da na sake zuwa Kebbe na tarar gindin tsamiya ba kowa sai awaki. Na ji haushi, amma Kaka ta ce ba komai, an neme su sun amsa, ya isa. Ba ta daɗe ba bayan nan.

Yanzu na tsufa, jikokina ma sun fara aure. A kasuwar Tambuwal allura ta zama abin da ake cika wa mutum canji da shi, kuma in riga ta yage sai a jefa ta bayan ɗaki a sayo wata a gwanjo. Ɓoye kaya dai bai mutu ba, ya koma kan shinkafa da man fetur, kuma in na ji ana kuka da shi a rediyo sai in ga kamar na san fuskokin. Bara na je Kebbe ta'aziyya, na tambayi matan gidan ko akwai mai sauran mazari, wata yarinya ta ce mene ne shi. Ban yi mata bayani ba, don ban san ta inda zan fara ba. Ba na fatan kowa ya ga irin shekarun nan. Sai dai in na zauna da yamma a ƙofar ɗaki, jikata takan taɓa ni ta ce, “Kaka, mi kika murzawa?” In duba, sai in ga babban yatsana da na tsakiya suna juya abin da babu shi, hannun hagu kuma ya ɗan tashi sama. Mutanen duk sun tafi, hannuna ne bai samu labari ba.